Kafin ka yanka gilashi, tambayi wa ke fesa maganin sauro a gidan

Kai yaro, na saurari saƙon muryar da ka turo mini ta WhatsApp. Shagon nan da gidana tafiyar ƙafa ce, amma ku yaran yanzu kun fi son ku yi wa waya magana da ku zauna gaban babba. Ka ce wani ya zo ba na nan, yana son akwatin gilashi mai shuka mai rai a ciki, zai sa tarantula, ƙaton gizo-gizon nan mai gashi da wasu ke kiwo, kuma kana tambaya wace shuka za ka dasa, ruwa nawa za a riƙa zubawa. Da na so in ƙyale ka sai mun haɗu, amma tambayarka ta tono mini jikka ɗari uku da hamsin ɗina da har gobe ban yafe ba.

Wani anasara ne, yana aiki da wata ƙungiyar agaji, yana haya a Kwara Kano. Akwati uku ya ce in yi masa. Biyu na masu jan gwiwa ne ƴan Meziko, waɗanda masana ke kira Brachypelma hamorii, ɗaya kuma na wata fara mai ɗigo-ɗigo da ake samu a Togo da Gana, Heteroscodra maculata, mai zama a bisa itace, mai saurin tsiya. Muka yi ciniki jikka ɗari huɗu da hamsin, ya ba ni ɗari kafin alƙalami. Ban rubuta komai ba, a lokacin maganar baki ta ishi mutane. Na shiga Katako na zaɓo gilashi mai kaurin milimita 6 da hannuna. Ɓawon itacen koki da gizon ke fakewa ciki babu shi a Yamai, sai da na roƙi wani direba ya taho mini da shi daga Kwatano. Shukokin na saye su a lambunan bakin kogi na Yantala, na zazzage ƙasarsu kaf, na wanke saiwa, na sake dasa su cikin ƙasata, na bar su a inuwa fiye da wata guda ina ba su ruwa, don duk wani magani da mai lambu ya zuba ya fita. Ran da na kai aikin, mutumin nan har tafi ya yi. Ya kira abokansa suna ta ɗaukar hoto.

Cikon kuɗi fa? Ƙarshen wata. Wata ya ƙare, wai buro bai biya su ba. Ya ce in ya dawo daga hutu. Ya tafi hutunsa cikin watan Agusta, tsakiyar damina, sauro ya yi gari. Mai gadinsa, bawan Allah, yana son maigida ya dawo ya iske gida fes, sai ya rufe tagogi ya feshe ɗakuna duka da maganin sauro na gwangwani, har ɗakin da akwatunan suke.

Da anasaran ya dawo, da asuba ya bugo mini waya yana ihu da faransanci. Na hau babur na je. Duka ukun sun mutu, ƙafafu a dunƙule ƙarƙashin ciki. Ya riƙe waya yana nuna mini wani rubutu na intanet, wai silikon, gam ɗin da muke haɗa gilashi da shi, in mai maganin fumfuna ne yana kashe su, wai ni na kashe masa dabbobi. Silikon irin na bayan gida ai kowa ya san ba a sa shi a wannan aiki; ni na akwatin kifi na sa, kuma sai da warin nan mai kama da binegar ya fita sarai kafin in kai. Watanni suna ciki lafiya lau suna cin abinci. Na waiga na ga bokitin roba da yake tara gyare a ciki, abincinsu, can a kusurwa, wanda hannuna bai taɓa taɓawa ba. Na buɗe. Gyare duk sun mutu, sun bushe. Ga gwangwanin maganin a kan taga, fanko. Mai gadi yana bakin ƙofa yana kallona da ido kamar zai yi kuka, don ya san in na buɗe baki aikinsa ya tafi, ga iyali. Na nuna wa anasaran bokitin kawai, na ce su ma silikon ɗina ne ya kashe su? Ya ce wannan daban. Ya gane sarai, kuɗin ne ba ya son biya. Na kai ƙara, aka ce ina takarda. Kafin in ankara kwangilarsa ta ƙare, ya sayar da kayan gida ya hau jirgi. Daga baya na ga akwatin ƴar Togon a wani shago an jera wayoyin salula a ciki. Tun daga titi na gane shi, don babu wanda ke jan layin silikon siriri haka a garin nan sai ni.

To ka ji abin da ya sa tambayarka ta ba ni haushi. Kana maganar shuka, alhali abin da ke kashe dabbar nan a Yamai guba ne da zafi. Maganin sauro na fesawa, na ƙonawa, wanda ake soka wa a wuta, hodar kyankyaso, har maganin ƙuma da ake ɗiga wa kare a wuya in mai shi ya shafa kare ya zo ya sa hannu cikin akwati. Ka je gidan da kanka ka ga ɗakin, ka yi magana da mai gadi da mai shara, ba da maigida kaɗai ba.

Yankan gilashi da haɗa kusurwa ba zan ɓata bakina ba. In har yanzu ba ka iya ba, koma sayar da ruwan leda.

Abin da ba ka tambayi mutumin ba, kuma shi ne farko: wane iri gare shi? Akwai mai zama a ƙasa, akwai mai haƙa rami, akwai mai hawa bisa. Na ƙasa jikinsa nauyi gare shi, cikinsa kuma laushi, in ya hau gilashi ya faɗo daga nesa cikin ya fashe, shi ke nan. Saboda haka tsakanin ƙasa da murfi kada ya wuce tsawon buɗin ƙafafunsa sau ɗaya da rabi, kuma kada ka sa dutse mai kaifi don ado. Masu saye suna son dogon akwati don ya yi kyau a falo, ka ƙi. Mai haƙa rami, irin Hysterocrates gigas na Kamaru, ƙasa mai zurfi yake so, santimita 20 ko fiye, mai danshi, kuma duk shukar da ka dasa zai tone ta ko ya binne ta, ka gaya wa mai shi tun wuri. Na bisa shi ke son tsawo, da ɓawon itace a jingine. A akwatinsa ne shuka ke yin kyau da gaske.

Iska kuwa, ramuka a gefe biyu, na ƙasa a ɗaya gefen, na sama a ɗayan, don ta ratsa. Akwatin da ya jiƙe kuma iska ba ta motsi cikinsa kabari ne, musamman ga irin na bisa kamar Caribena versicolor ta tsibirin Martinik. Murfi kada ka yi shi da ragar sauro ta tagogi. Suna da ƴan ƙumba a ƙarshen ƙafa, sai su maƙale a raga, dabba ta yi ta lilo har ƙafa ta cire. Roba mai kauri ka huda. Kuma ka sa makulli, suna ture murfi.

Ƙasa: ɓawon kwakwa niƙaƙƙe, da ƙasar da ba ta ga taki ko magani ba, da ɗan yashi da ɗan yumɓu don rami ya tsaya. Wadda ka ɗebo a waje ka gasa ta tukuna saboda gara da ƙwan tururuwa. Na san za ka ce ga bedi ko'ina, bari in yanko reshe. Kul! Ganyen bedi da ƴaƴansa ai da su manoma ke korar ƙwari. Itacen turare ma ka bar shi. Tsakuwar da yaran intanet ke shimfiɗawa a ƙasan akwati don ruwa ya taru, ni ba na sa wa mai haƙa rami, zai tona har ya iske ta.

Yanzu shukarka da ta dame ka. Potos, mai yaɗon nan da ke cikin kowane buro, ita ce ba ta mutuwa, tana jure ƙarancin haske, kuma ko gizo ya lulluɓe ta da yana sai ta sake toho. Akwatin busasshe kuwa ƙaramar moɗa. Kada ka sa mai ƙaya. Ka bar shukar cikin ƴar tukunyarta ka binne tukunyar, ta haka kana ba saiwa ruwa ba tare da ka jiƙa akwatin duka ba. Dabbar Meziko tana son galibin ƙasarta a bushe. In ka bi son shuka kana ta zuba ruwa, za ka ga gizo ya hau gilashi ya ƙi sauka. In ɗaya zai wahala, shuka ta wahala, jikka guda ce. Macen mai jan gwiwa tana kai shekara 20 har fiye in an kula da ita. Ƴar tasa ta ruwa kullum a cike, ba soso a ciki. Lokacin hunturu iska na shanye komai, sai ka riƙa zuba ruwa a kusurwa ɗaya har ya sauka ƙasa, ka bar feshin nan na sama-sama da ba ya komai sai firgita dabba.

Haske fitilar LED ƙarama, awa 10 zuwa 12, don shuka. Gizon shi duhu yake so, ka ba shi maɓoya. Rana kada ta taɓa gilashin ko na minti goma. Digiri 24 zuwa 28 suke so, mu kuwa Afrilu da Mayu muna wuce 42. In gidan ba shi da ɗaki mai sanyi da abin da zai riƙe shi in an ɗauke wuta, kada ka karɓi aikin. Ƙafafun tebur kuma ka tsoma su cikin gwangwanin ruwa, don tururuwa na iya cinye gizon da ke saɓa da ransa.

Ka koya wa mai shi wannan, don kada ya bugo maka da asuba: in ya ga dabbar ta kwanta rigingine, saɓa take yi, kada ya taɓa, ya fitar da duk gyaren da ke ciki, kuma kada ya ba ta abinci sai bayan mako ɗaya ko biyu, haƙoran sun yi baƙi sun yi ƙarfi. Fara ta daji kada ya kamo mata, ba ka san gonar da aka fesa ba. Kai kuma in kana gyaran shuka, dogon hantsaki ka riƙe. Galibin na nahiyar Amurka suna kakkaɓo gashi mai ƙaiƙayi, in ya shiga ido sai likita. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashin, cizo suke yi, kuma dafinsu ya fi zafi. Na san halinku, za ka so ka ɗora ta a hannu a ɗauke ka bidiyo.

Dangin Brachypelma suna cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda. Mu akwati muke yi, kada ka yarda ya sa ka nemo masa dabba.

Kuɗi: kashi 70 cikin ɗari kafin ka taɓa gilashi, ciko kafin akwati ya sauka daga mota. A rubuta, da faransanci, cewa ran dabba ba ya wuyanmu, ya sa hannu, mai gadinsa ya shaida. Kada ka faɗa masa farashi sai na ji sunan irin da yake da shi. Ka ce ya turo hotonta kusa da abin awo, ka zo da shi gida bayan la'asar.