Kwamfutarka ta ƙi Windows 11? Kar ka yi saurin yar da ita

Malam, kan tambayarka ko dole sai ka sayi sabuwa tunda taka ta ƙi hawa Windows 11, ni dai a ganina ba dole ba ne. Gaskiya ne Microsoft sun daina tura gyaran tsaro na kyauta wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma sun kafe cewa kafin na'ura ta hau Windows 11 sai tana da TPM 2.0 (wani ɗan ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta) da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda in ta Intel ce sai ƙarni na 8 zuwa sama, wallahi abin nan yana min ciwo, na'ura lafiyarta ƙalau a ce ta tsufa. In browsing da taifin kawai kake yi, sa mata SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri) ka ɗora Linux Mint (manhajar da ke maye gurbin Windows), kyauta ne kuma ba nauyi. Amma in aikinka sai da Photoshop, wanda ba a yi shi don Linux ba, to nemi tokumbo ƙarni na 8, ka duba TPM ɗin kafin ka biya.