Tambaya da Amsa: 'Yan Wasa 22 Sun Ɗaga Yatsa, 9 Suka Zo Tasha

Assalamu alaikum Malam. Ni kocin wata ƙungiyar ƙwallon unguwa ne a Zariya. Ranar Alhamis na sanar a zaurenmu na WhatsApp cewa muna da wasan sada zumunta a Kaduna ranar Asabar. Yara 22 suka ɗora 👍 a kan saƙon, na ɗauki shatar bas, amma mutum 9 kaɗai na tarar a tasha. Akwai yadda zan tilasta wa wanda ya danna alamar ya cika alƙawari?

Wa alaikumus salam, Koci. Wane alƙawarin? Ai ba su yi maka ko ɗaya ba. Wannan wasiƙa ita ce ta kusan kowane mai riƙe da zaure, daga na ƙwallo har na 'yan adashi, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka ka gyara zama.

WhatsApp ya kawo waɗannan alamomin martani ne a watan Mayun 2022, da farko guda 6: babban yatsa, zuciya, dariya, mamaki, hawaye da hannaye biyu a haɗe. A watan Yuli na shekarar aka buɗe ƙofa ga kowace emoji. An yi su ne don a rage cunkoso, maimakon mutum 30 kowa ya rubuta "to" har sanarwar ta nutse. Abin da ba a yi ba shi ne a ba kowace alama ma'ana guda. Gola ya danna 👍 yana nufin zai zo. Mai buga lamba tara ya danna yana nufin ya gani. Wani yaron benci kuma ya danna ne don ya ga kyaftin ya danna, ko saƙon bai karanta ba. Kai kuma ka zauna ka ƙirga su duka a matsayin fasinja, ka je ka yi ciniki da direba. Wa ya ce maka yatsa kujera ce?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne alamar "na gani" ba ta da wani amfani tun asali. A cikin zaure, ko mutum ya kashe shuɗin layukan nan biyu a wayarsa, ba zai iya ɓoye maka ya karanta ba. Danna saƙonka ka riƙe, ka shiga bayanansa, za ka ga sunan duk wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. To me yatsan ya ƙara maka?

Ga abin da nake ta faɗa a wannan fili, kuma ba zan gaji ba: duk maganar da za a kashe kuɗi a kanta, a jefa ƙuri'a. Tun watan Nuwamban 2022 akwai ta a WhatsApp, tana nan inda kake ɗauko hoto, an rubuta mata Poll. Rubuta tambayar da rana da lokaci da kuɗin mota, sannan zaɓi biyu rak: "Zan zo" da "Ba zan zo ba". Kada ka kuskura ka sa "Wataƙila", don duk ƙungiyar can za ta tare. Ka kashe maɓallin da ke barin mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya. Ƙuri'ar tana nuna maka sunan kowa da abin da ya zaɓa, don haka babu mai cewa yatsansa ne ya zame. Bayan nan ka maƙale ta a saman zauren, wato Pin. Ana iya maƙalewa na awa 24, ko kwana 7, ko kwana 30, kuma na kwana 7 ya ishe ka.

Ka sanya ƙa'ida a baki ranar atisaye, ido da ido: wanda bai jefa ƙuri'a ba kafin isha'in Juma'a babu sunansa a jerin 'yan wasa, ko da shi ne ke ci muku ƙwallaye. Sau ɗaya za ka zaunar da gwani a benci, sauran su shiga taitayinsu. Kuma ka karɓi kuɗin mota kafin ka kira direba. Wannan ba aikin waya ba ne, aikinka ne.

Wani mai tambayar ya ce: Ɗan wasanmu ya turo hoton ƙafarsa a ɗaure bayan ya samu karaya. Na zo danna 😢 sai na danna 😂. Yaya zan yi?

Taɓa alamar a ƙasan hoton, ka taɓa sunanka, za ta fita. Sai dai sanarwa tana zuwa wa mai saƙo nan take, don haka ka ɗauka ya riga ya gani. Ka sayi lemo ka je dubiya. Gobe kuma ka daina latsa waya kana kan acaɓa.

Ni ce sakatariyar ƙungiyar ƙwallon hannu ta 'yan mata. Da na tura sanarwa sai wayata ta yi ta ƙara saboda alamomi.

Malama, shiga saituna, sashen sanarwa, ƙarƙashin na zauruka ki kashe na alamun martani. Shi ke nan. Sauran 'yan zauren ba sa jin wannan ƙarar, mai saƙo kaɗai take damu.

Ni admin ne. Wani yana ɗora 🤡 a kan duk jerin 'yan wasan da koci ya fitar. Zan iya goge masa?

A'a. Admin yana iya goge saƙon wani gaba ɗaya, amma alama sai wanda ya ɗora ta. Tunda sunansa na nan ga duk wanda ya taɓa alamar, ka kira shi gefe. In ya maimaita, ka fitar da shi. Ina kuma kyautata zaton wanda ke zaman benci ne.

Abokaina suna ganin wasu alamomi, ni kuma ɗan akwati fanko nake gani. Ina amfani da GB WhatsApp.

Amsarka tana cikin tambayarka. Wannan manhaja ba ta kamfanin ba ce, ba ka san hannun wa saƙonninka ke bi ba, kuma ana iya rufe maka lamba saboda ita. Sauke ta gaskiyar daga Play Store ka sabunta. Muhimman hotunan ƙungiya ka kwafe su gefe tukuna, don babu tabbas tsofaffin hirarrakin su biyo ka.

Muna gardama a zaurenmu: 🙏 "amin" ce, ko "na gode", ko tafawa?

Hannaye biyu ne a haɗe, kuma kowa da yadda yake karanta ta. In an yi jaje ko addu'a ga wanda ya ji rauni, rubuta "Allah ya ba shi lafiya" da yatsunka. Kalmomi biyar ne, ba za su cinye maka data ba.