Jirgin kaya ya banke kwalekwalen ƙanenki a Abijan, wa ke da gaskiya?

Hajiya daga Tawa, saƙonki ya iso, Allah ya ƙara tsarewa, ya ba yaron da ya karye a haɗarin lafiya. Kin ce kuɗin adashinki kika zuba aka sai injin kwalekwalen da ƙanenki ke kamun kifi da shi a Abijan, cikin dare wani jirgin kaya ya banke su, inji da taru duk sun nutse, ga wakilin jirgin ya zo da kuɗi da takarda wai a sa hannu. Kuma 'yan gida na ce maki tunda babba ya taka ƙarami ai magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba Hajiya. Teku na da dokar hanya tata kamar titi, ita ce Kolreg ta 1972 da hukumar jiragen ruwa ta duniya da ke Landan ta fitar, ta fara aiki 1977, kuma alƙali ba girman jirgi zai fara dubawa ba, tambaya zai yi wa ya kamata ya kauce. In jirage biyu masu inji suka yi gaba da gaba kowa ya karkata damansa. In hanya ta gitta, wanda ya hangi ɗan'uwansa ta damansa shi ne mai kaucewa, doka ta 15 kenan. Wanda ya taho daga baya zai wuce kuwa nauyin a kansa yake ko mi girmansa.

Inda kuke da ƙarfi ita ce doka ta 18, ta ce jirgi mai inji ya ba mai kamun kifi hanya. To amma nan ne mutanenmu ke faɗuwa, don mai kamun kifi a wurin doka shi ne wanda tarunsa ke cikin ruwa a lokacin har ya hana shi juyawa yadda yake so. In sun naɗe taru suna komawa gida da kifi, kwalekwale ne mai inji kawai kamar kowa. Saboda haka ki kira ƙanenki ki tambaye shi tsakani da Allah, tarun na ruwa ko na ciki? Kuma wace fitila suka kunna? Mai kamun kifi da dare ja ce sama fara ƙasa, in mai jan taru ne a baya kore sama fara ƙasa. Na san da yawa tocila ce kawai ko hasken waya, ba na zargin kowa talauci ne, amma aboka, wato lauyan kamfanin jirgin, nan zai fara sara.

Sai wurin da abin ya faru. In a bakin mashigin Biridi ne inda jirage ke shiga tashar Abijan, doka ta 9 ta ce a ƙunƙuntar hanya jirgin da bai kai mita 20 ba, har da masunci, kar ya tare wa babban jirgi hanya, don shi ba ya da birki irin na mota kuma in ya kauce zai hau yashi.

Duk da haka kar gabanki ya faɗi. Matuƙin babban jirgin wajibi ne ya sa ido da kunne da rada, wato na'urar hango abin da ke kewaye da jirgi, ya yi gudun da zai iya tsayawa, in ya ga abin da bai gane ba ya busa gajerun ƙaho aƙalla 5, bayan karo kuma ya ba da taimako. Yarjejeniyar Burusel ta 1910 kan karon jiragen ruwa, wadda dokokin ƙasashe da yawa suka bi sawunta, raba laifi take yi, misali in alƙali ya ce kashi 70 na jirgin ne 30 naku, to 70 cikin ɗari na asararku za a biya ku, in an kasa tantancewa a raba daidai. Wa'adin kai ƙara a cikinta shekara 2 ne.

Yanzu takardar nan kar ƙanenki ya sa hannu, irin ta yawanci yafe duk wani haƙƙi ce, har na yaron da ba a san ƙarshen jinyarsa ba. Ya je ofishin hukumar teku da jandarmomin tasha a rubuta rahoto, a riƙe sunan jirgin da rana da awa, rasit ɗin inji, takardun likita, da lambobin waɗanda ke cikin kwalekwalen. Manyan jirage na da na'urar da ke nuna inda suka bi da wadda ke naɗar maganar ɗakin tuƙi, amma naɗin na gogewa in an daɗe, shi ya sa nake son aboka ya rubuta wa kamfanin jirgin cikin satin nan su adana naɗin.

Shari'ar ba a Tawa ko Yamai za a yi ta ba, can ce, kuma Kodibuwa na da kundin dokar teku na 2017, don haka aboka na Abijan wanda ya san harkar tasha kuke buƙata. In jirgin na nan zai iya roƙon kotu ta tsare shi har 'yan asiransinsa, wato inshora, su aje garanti, galibi daga nan ake samun sulhu mai kyau tunda kwana ɗaya a tsaye asara ce babba gare su. Ki turo mani hoton takardar da amsar maganar tarun, sai in gaya maki ko kuɗin da suka kawo sun kusa abin da ya dace.