Me ke sa ido ya firfito waje?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wata 6 ke nan idanun ƙanwata suna firfitowa, suna yin ja, wani lokaci kuma abu ɗaya ya riƙa rabe mata biyu. Ta rame, zuciyarta na bugawa da sauri. Shin tiyata ce kaɗai mafita? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, Allah ya ba ta lafiya. Alamomin da kika lissafa sun fi kama da cutar Graves, inda garkuwar jiki ke tunzura halittar tairod da ke gaban wuya, ta kuma kumbura tsoka da kitsen da ke bayan ido. Ƙasusuwa 7 ne suka haɗu suka gina kwarmin ido, kuma da yake ƙashi ba ya buɗewa, duk abin da ya kumbura a ciki, ko da ƙari ne, sai ya turo idon gaba.

Shi ya sa ba a yanke hukunci da kallo kawai. Za a gwada jininta, sannan a ɗauki hoton cikin kwarmin idon da na'urar CT, ko ta MRI, wadda ta fi fito da tsoka da jijiyar gani.

Tiyata ba ita ce matakin farko ba. Yayin da kumburin ke kan ganiyarsa, ana daidaita tairod, ana kuma ba da maganin sitiroyid mai rage kumburi ta jijiya, galibi na mako 12. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna teprotumumab, wanda ake ƙarawa ta jijiya sau 8, mako 3 tsakani, kuma yana mayar da idon baya sosai, sai dai yakan cutar da jin kunne ya kuma ɗaga sukarin jini, don haka ban ga hikimar ba da shi ba tare da sa ido ba. In cutar ta lafa idon bai koma ba, sai a rage ƙashin kwarmin, aikin da yanzu ake iya yin wani sashensa da kyamara ta hanci.

Idan tana shan taba ta daina, domin tana tsananta cutar ƙwarai. In kuwa ganinta ya fara dushewa, ko launuka suka koɗe mata, ko fatar idon ta kasa rufuwa, a kai ta wurin likitan ido a ranar, domin jijiyar gani ko baƙin idon na cikin haɗari.