Tambaya da Amsa: Lauyoyi da Ƙasidun Siyasa a Farkon Jamhuriyar Amurka

Assalamu alaikum, Malam. A darasin tsarin mulki an ce mana lauyoyi ne suka yi yaƙin siyasar Amurka da alƙalami bayan samun 'yanci. To, a zamanin da babu rediyo, yaya rubutun lauya yake barin teburinsa ya isa hannun jama'a? Daga wani ɗalibin shari'a, Zariya.

Wa alaikumus salam. Mu ɗauki Alexander Hamilton, lauyan Niyok, domin da wuya a sami wanda ya kai shi a wannan fage. Daga 27 ga Oktoba 1787 zuwa cikin 1788, shi da James Madison da John Jay sun rubuta maƙaloli 85 don jawo mutanen jihar Niyok su amince da sabon kundin tsarin mulki. Ana jingina 51 ga Hamilton, 29 ga Madison, 5 ga Jay. Mafi yawansu a jaridu suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, daga baya aka tattara su kundi biyu.

Aikin maɗaba'a kuwa na hannu ne kacokan. Mai jera haruffa zai tsinci haruffan dalma ɗaya-ɗaya, ya jera su a juye, layi bayan layi, har shafi ya cika, sannan a ɗaure shafukan cikin ƙawanyar ƙarfe. Mutum biyu ne a kan injin katako, ɗaya yana shafa tawada, ɗaya yana ɗora takarda yana jan marfin matsi. Idan hannunsu ya faɗa, sukan buga fuska ɗaya ta takarda wajen 250 a awa guda. Takardar da tsumma ake yin ta, kuma tana da tsada. Babban falle ɗaya, in aka ninke shi sau uku, yana ba da shafi 16, saboda haka marubucin da ya san aikin yakan auna hujjarsa da falle, don kada 'yan layuka su ja masa kuɗin ƙarin takarda. A ƙarshe a ɗinke da zare, babu bango.

Inda sabon shiga yake shan wuya shi ne gyara. Ƙara jimla guda bayan an ɗaure shafi na iya sa a sake jera layuka da yawa. Kuma da an gama bugu ake wargaza haruffan don a yi wani aikin da su, saboda haka bugu na biyu sabon aiki ne fil.

Sai batun gidan waya. Dokar 1792 ta sa kuɗin aika jarida senti 1 zuwa nisan mil 100, senti 1 da rabi in ya wuce haka, alhali wasiƙa tana cin senti 6 zuwa 25. Masu jaridu kuma suna musayar jaridunsu kyauta. Shi ya sa lauya mai dabara yake fara sakin rubutunsa a jarida: editan wani gari zai kwafa, na gaba ma ya kwafa, ba tare da marubucin ya kashe ko sisi ba.

Malam, na ga ba sa sa sunansu na gaskiya. Tsoro ne? Daga wata malamar makaranta, Maraɗi.

Ba lallai ba, Malama. Al'ada ce ta lokacin, wai a auna hujja kafin a dubi mai ita. Waɗancan maƙaloli 85 duk da sunan Publius suka fito, sunan wani jigo na tsohuwar jamhuriyar Rum. Wani lokacin kuma muƙami ne yake sa a yi lulluɓi. A 1793 Hamilton yana sakataren baitulmali lokacin da ya rubuta da sunan Pacificus, yana kare matakin Shugaba Washington na ƙin shiga yaƙin Ingila da Faransa, Madison kuma ya mayar masa da martani da sunan Helvidius. Masu bin siyasa sukan gane marubuci daga salonsa.

Shin akwai wanda ƙasida ta ja wa bala'i? Daga wani lauya, Kano.

Akwai, Barista, kuma ta hanya biyu. Ta farko, mutum ya sari gindinsa da kansa. A Oktoba 1800, ana daf da zaɓe, Hamilton ya rubuta doguwar wasiƙa mai shafi 54 da sunansa, yana sukar halin Shugaba John Adams, ɗan jam'iyyarsu. Nufinsa ta zagaya tsakanin manyan jam'iyya kawai, su karkata ga Charles Cotesworth Pinckney, ɗaya ɗan takarar jam'iyyar. Sai wasu sassa suka faɗa hannun jaridun adawa, ciki har da Aurora ta Filadalfiya, ya zama dole ya fitar da ita duka. A ganina babban aibinta na aikin lauya ne: ya tara tuhuma shafi bayan shafi, a ƙarshe kuma ya ce kada a hana Adams ƙuri'a. Wane alƙali zai karɓi ƙarar da roƙonta ya saɓa wa hujjarta? Jam'iyya ta dare, Adams ya tashi da ƙuri'ar wakilai 65, 'yan takarar adawa Thomas Jefferson da Aaron Burr suka sami 73 kowannensu.

Ta biyu, doka. A 14 ga Yuli 1798 aka kafa dokar hana tunzura jama'a, mai hukuncin tara har dala 2,000 da ɗauri har shekara 2 ga wanda ya buga ƙarya mai ɓata gwamnati, majalisa ko shugaban ƙasa. Abin lura, ba ta ambaci mataimakin shugaba ba, wanda a lokacin shi ne Jefferson, madugun adawa. A rubuce dokar ta yarda wanda ake tuhuma ya kare kansa da cewa gaskiya ya faɗa, amma yaya za a tabbatar da gaskiyar ra'ayi a gaban kotu? Thomas Cooper, lauya haifaffen Landan da ke zaune a Fensilbaniya, ya soki Adams a wata takarda mai falle ɗaya a 1799. A Afrilu 1800 ya gurfana gaban Mai Shari'a Samuel Chase, ya nemi a kira Adams shaida aka ƙi. Ya sha ɗaurin wata 6 da tarar dala 400. Wa'adin dokar ya ƙare a 3 ga Maris 1801.

Da mulki ya juya Jefferson ya zama shugaba, magoya bayansa ma suka shiga kai ƙara a kotunan jihohi. A 1804 Hamilton ya tsaya wa Harry Croswell, editan da aka samu da laifin ɓata sunan Jefferson, ya kafa hujja cewa gaskiyar da aka buga da kyakkyawar niyya kariya ce. Alƙalai huɗu suka rabu biyu da biyu. Majalisar Niyok ta mayar da hujjar Hamilton doka a 1805, bayan Burr ya harbe shi a Yulin 1804.