Ya biya kuɗin makaranta, me ya sa za a hana shi jarrabawa?

Tambaya: Ɗana yana aji biyu a wata jami'a a nan Kumasi. Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi mako huɗu, muka yi jinyarsa a gida a Aboabo. Yanzu an ce ba zai zauna jarrabawar kwas biyu ba, alhali mun biya kuɗin makaranta cif. Wannan daidai ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Biyan kuɗi da yin rajista sharaɗi ne guda, halartar darasi kuma sharaɗi ne daban, kuma sai an cika su duka ake ba ɗalibi kujera a ɗakin jarrabawa. Jami'o'i da dama a Gana da Najeriya suna neman ɗalibi ya halarci aƙalla kashi 75 cikin 100 na laccoci da ayyukan ɗakin gwaje-gwaje, kowace kuma tana rubuta nata adadin a littafin dokokin da take ba sababbin ɗalibai. A can za ku fara dubawa.

Abin da yakan ruɗa iyaye shi ne, kowane kwas lissafinsa daban ake yi. Idan ana haɗuwa sau ɗaya a mako har mako 12, kashi 75 zama 9 ne, wato sau uku kaɗai za a iya rasawa. Mako huɗu a kwance ya riga ya haura wannan iyaka, shi ya sa zai makale a irin wannan kwas. Dokar tana da dalili, domin wanda zai zama injiniya ko ma'aikacin jinya ba ya koyon aikin hannu daga takardun da abokinsa ya kwafo masa, kuma wani kaso na makin kwas yana fitowa ne daga gwaje-gwajen da ake yi cikin zangon karatu.

Duk da haka, rashin lafiya uzuri ne da jami'a take saurara, sai dai ba ta karɓarsa da baki. Nan ne nake jin takaici, don mu mutanen zango mun saba jinya a gida, mu sayo magani a kemis, ba wata takarda a hannu. Idan ya taɓa zuwa asibiti ko an gwada jininsa, ku koma ku karɓo rahoton likita mai ɗauke da ranakun, ya kai asibitin jami'a a tabbatar, sannan ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashensa, ya haɗa da kwafin rahoton. Shi da kansa zai je, yau ba gobe ba, kafin a fitar da jerin sunayen masu zama jarrabawa.

Kada ku sa rai cewa lallai za a bar shi ya rubuta a wannan karo. Sau da yawa abin da takardar take yi shi ne ta hana a rubuta masa faɗuwa, a ba shi damar ɗage kwas ɗin zuwa lokacin da za a sake koyar da shi, makinsa bai lalace ba. Ina kuma roƙonki, Hajiya, idan wani ya ba shi shawarar a cike masa sa hannu a takardar halarta ta bayan fage, ya ƙi. Laifi ne da kan kai ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa ga dakatarwa.