Ko Da Akanta, Sai An Kawo Rasit

Ɗana, jiya ka tambaye ni: tunda Alhaji ya biya mu don mu cike masa DSF, wato takardar bayanin lissafi da haraji ta shekara, me ya sa nake matsa masa lamba ya kawo rasit, alhali ba a haɗa su da takardar in za a tura ta intanet?

Da gaskiyarka, ba a haɗawa. Amma lambobin da za mu zuba a ciki, daga ina za su fito? Alhaji zai zauna nan ya ce maka bara ya sayi simintin Figil na miliyan kaza, ya biya hayar tirela, ya biya kuɗin shago. Ban ce ƙarya yake ba, mutumin kirki ne. Sai dai ranar da ma'aikatan haraji suka zo bincike, ba sa sauraron "wallahi na biya". Gani ya kori ji. Duk abin da aka ce an kashe babu takardarsa, sai su soke shi, riba ta hau, haraji ya hau, ga tara a kai. Shi zai biya, mu kuma sunanmu ya ɓaci a kasuwar Garwa.

Kuma ba kowace takarda ce rasit ba. Wanda yaron shago ya yaga daga littafi ya rubuta "siminti buhu 200" ba ya tsayawa. Ka duba faktir, wato cikakkiyar takardar ciniki: sunan mai sayarwa, lambarsa ta biyan haraji (NIU), kwanan wata, irin kaya da adadinsu, sannan TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, a rubuce daban. TVA ɗin nan kashi 19.25 ne cikin ɗari, ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ba za mu cire wanda Alhaji ya biya daga wanda ya karɓa a hannun masu saye ba sai da faktir ingantacce. Ka lura da yadda aka biya ma, domin manyan kuɗin da aka miƙa hannu da hannu doka ba ta yarda a cire su. Shi ya sa nake neman takardar banki, da saƙonnin Orange Money da MoMo.

In mun gama, kada ka bari Alhaji ya watsar da su. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Kamaru ke bi, ta ce a ajiye takardun lissafi shekara 10. Ni dai abin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne ƙananan rasit ɗin nan na inji, irin na gidan mai. Zafin Maris da Afrilu na garin nan kan shanye rubutunsu tas, ka buɗe jaka ka tarar da farar takarda. Na taɓa rasa na man wata uku a haka.

Gobe da safe ka je shagonsa da ambulan 12, kowane wata nasa. Na injin nan ka fara yi musu fotokofi kafin ka jera. Wanda ya ɓace, ka rubuta sunan dilan, Alhaji ya kira shi ya ba mu kwafi.